An sa wa ƙanina kwankwason ƙarfe, yaushe zai koma yin sallah a ƙasa?

Maman Ilham, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah mai sani ya taimaka min. Ƙanina ne mai sikila, kan ƙashin cinyarsa ya mutu, shekara biyu yana ɗingishi har dai aka yi masa aiki aka sa na ƙarfe, yau sati bakwai kenan. Alhamdulillah ciwo ya tafi, yana takawa da sanda, amma likita ya hana shi tsugunno da harɗe ƙafa, sallah ma kan kujera yake yi kuma abin na cin ransa, jiya na leƙa na tarar ya zuba wa darduma ido. To akwai wani dattijo a layinmu irin aikin aka yi masa kuma sujadarsa yake yi lafiya lau, me ya bambanta su?

Abu Hanif, Samaru:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ƙara masa lafiya. Gashin ƙashi ne aikina, kullum sai an min tambayar nan. Abin da ake sawa ƙoƙo ne a ƙashin ƙugu, sai ƙarfe cikin ƙashin cinya mai wuya da ƙwallo a kai, ƙwallon ke juyawa cikin ƙoƙon. To duk maganar tana ga yadda aka girka ƙoƙon nan. Tun 1978 wani likita a Amurka, Lewinnek, ya ba da awon da har yau ake ambato, karkatarsa gefe digiri 30 zuwa 50, bakinsa ya kalli gaba da digiri 5 zuwa 25. In bai kalli gaba yadda ya kamata ba, mutum na naɗe ƙafa wuyan ƙarfen zai daki bakin ƙoƙon ya banƙaro ƙwallon ta baya, gocewar da muke tsoro kenan, in kuma kallon gaban ya yi yawa ta gaba take fita lokacin da ya miƙe ƙafa ya juya ta waje. Girman ƙwallon ma na da tasiri, mai milimita 36 ta fi mai 28 samun fili kafin wuya ya taɓa baki. Sannan ga gadon baya da mutane ke mantawa, in ka zauna ƙugu kan kwanta baya kaɗan ya buɗe wa cinya hanya, wanda bayansa ya sandare nasa ba ya yin haka, ko awo ya fita daidai a hoto yana iya samun cikas. Kin ga ba a auna shi da dattijon layinku.

Baffa na Sabon Gari:
Ni an yi min shekara uku da suka wuce, ta baya aka tsaga. Wata uku cur ina kan kujera, masai sai da aka ɗora min mazauni mai tudu, keke napep kuwa na daina shiga dan gwiwa sama take yi ta wuce ƙugu. Yanzu ina sujada amma zaman tahiya kujera nake komawa, haka likitana ya ce da ya duba hoton. Ki lallashe shi ƴata, kuma in ya ji ƙas ƙafa ta gajarce ya kasa takawa, kar a kira mai ɗori, asibiti kai tsaye.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah saka da alheri. Malam Abu me zamu tambaya in mun koma? Ranar Talata ne.

Abu Hanif:
Ku je da hoton bayan aiki, ku tambayi ta ina aka tsaga, ƙwallo mai girman nawa aka sa, kuma ya ƙoƙon ya zauna. Shi ƙanin naki ya faɗi ƙarara cewa sujada da zaman tabarma yake nufi, kar ya ce zama kawai, likita zai ɗauka na kujera ne.