Tambaya kan sulallan tunawa na Amurka na 1926

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Wani abokin ciniki ya nuna mini sulen azurfa na rabin dala mai ɗauke da shekarun 1776 da 1926, kuma ina neman ƙarin bayani kafin in taya shi.

Tsohon malami:
Wa alaikumus salam. An buga shi ne a birnin Filadelfiya domin bikin cika shekara 150 da shelar 'yancin kan Amurka. Fuskarsa tana ɗauke da George Washington, shugaban Amurka na farko, da Calvin Coolidge, shugaban da yake kan mulki a lokacin, abin da ya saɓa wa al'adar ƙasar ta guje wa sanya shugaba mai rai a kan kuɗi. Bayansa kuwa Ƙararrawar 'Yanci ce, wato tsohuwar ƙararrawar Filadelfiya da ta zama alamar 'yancin kan ƙasar. Tare da shi aka fitar da na zinariya na dala biyu da rabi, mai hoton ginin da aka rattaba hannu kan shelar.

Maƙerin fari:
Malam mai tambaya, ka ɗora sulen azurfar a ma'auni tukuna. Na gaskiya giram 12.5 ne, kashi 90 cikin ɗari azurfa, kuma maganaɗisu ba ya kama shi. Zanensa bai fito sosai ba tun asali, saboda haka kada wannan ya sa ka ɗauke shi jabu. Roƙona ɗaya, kada ka goge shi da toka ko lemon tsami, domin sulen da aka kankare darajarsa faɗuwa take yi a wajen masu tarawa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Gobe zan tafi da ma'aunina.