Haƙoran kik da na giya sun cinye: walda ko sabon shaf?

Malamin Gona: Assalamu alaikum. Ina da mashin Yamaha AG200, dogon nan na shiga daji, a gwanjo na saye shi. Haƙoran shaf ɗin kik sun cinye, in na taka sai ƙafar ta zarce ƙasa ba ta juya injin ba. Na giya ma ya fara sulɓewa, sitata ta tayar da inji da batir kuwa ta daɗe da mutuwa. Mai walda a nan Argungu ya ce ₦3,000 ya liƙe min duka biyun yau. Bakanike ya ce in jira a nemo shaf daga Kano, bai kuma san ranar zuwansa ba. Ga shi Litinin ina da zagayen manoman shinkafa a fadamar Augie. Wanda ya taɓa gwadawa ya ba ni shawara.

Ɗan Kabu-kabu: Wa alaikumus salam. Shaf ai ko'ina akwai, ₦4,500 na sayi na Boxer ɗina a Birnin Kebbi.

Malamin Gona: Ba Boxer ba ne, ɗan'uwa.

Na Kamba: ₦4,500 yaushe? Kafin a cire tallafin mai a 2023 ko? Ni ₦9,000 na biya wata ukku da sunka wuce.

Mai Albasa Aliero: Malam, don girman Allah kak ka bari wuta ta taɓa ƙarfen nan. Ni anka yi ma haka bara. Yaron mai walda ya liƙe kik, ya yi kyau kamar daga kamfani, na ba shi kuɗɗi ina godiya. Ashe zahin wutar ya ƙone robar sil da ke tare baƙin mai a gindin shaf ɗin. Ban lura ba. Na ɗauko buhu biyu na albasa zan kai Koko, cikin azumi, mai na ɗiga kaɗan-kaɗan bisa hanya. Ina wuce Maiyama sai na ji ƙara kamar ana dakan sakwara cikin injin, sai tsit. Nokin, injin ya lalace don rashin mai. Na tura mashin da buhu biyu cikin rana har ƙafata ta kumbura, albasar kuwa rabin kuɗɗinta na sayar don in samu na mota. Da anka zo gyara, murhin kuloci ya ƙi hita, don ƙafar kik ta zama ɗaya da shaf, sai da anka sa zarto anka yanke. Ribar ₦2,000 nika nema, ₦85,000 ta tahi. Da na koma wurin mai waldar, wai shi ƙarhe ya sani, bai san roba ba.

Ɗan Kabu-kabu: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Amma ni nawa shekara biyu da walda, ko ɗigo ba ya yi.

Mai Albasa Aliero: To ni ƙarya nika yi ke nan?

Bakanike Jega: Ba wanda ya yi ƙarya. Mai waldar da ya san aiki yana naɗe gindin shaf da jiƙaƙƙen tsumma, ya ɗiga wuta kaɗan ya jira ta huce, kuma ya maƙala wayar at ɗinsa, wato wadda wutar walda ke komawa ta cikinta, a jikin ƙafar kik ɗin kanta, kada wuta ta bi ta boris. Amma Malam, kafin walda duba wani abu. Sau da yawa haƙoran cikin ƙafar ne suka fi cinyewa, na shaf da saura. Notin da ke matse ƙafar ne ke kwancewa, tana wasa tana ci a hankali. Ka cire ta, ka faɗaɗa tsagin gindinta da notin ke matsewa da zarto, ka sa sabon noti mai ƙarfi ka ɗaure tamau. Na giya wannan zai riƙe shi, don ba nauyi yake ɗauka ba. Na kik ne abin tsoro, nauyin mutum gaba ɗaya ke sauka a kansa. Sa'arka ɗaya, a Yamaha irin naka shaf ɗin kik ta bayan murfin kuloci yake fita. Da injin CG125 ne sai an raba shi gida biyu.

Na Kamba: Bakanike dai dole shi ce a buɗe inji, nan abincinshi yake.

Bakanike Jega: Ka karanta abin da na rubuta kuwa? Zarto da noti na ce. Shekara 19 ina wannan aiki, kai sau nawa ka riƙe sifana?

Na Kamba: Mai hawa shi ya san inda sirdi ke ciwo.

Ɗan Yauri: Ku bar Malam ya riƙa ajiye mashin a kan gangare kawai, a tura ya tashi.

Malamin Gona: A fadama? Cikin laka wa zai tura ni?

Ɗan Yauri: To a yi waldar. In kik ya dawo ya doke ka a ƙwauri, ga Alhaji nan, garinsu ne gidan masu ɗori, zai yi maka hanya.

Mai Albasa Aliero: Albasa nika saidawa, ba ni ɗori.

Hajiya Mai Shinkafa: Malam, ni ban san kan mashin ba, amma na yaron da ke kai min kaya an sa masa sabon shaf ₦7,000, sati uku ya murɗe kamar alawa. Sabon ma ba tsira ba ne.

Bakanike Jega: Gaskiyarki, Hajiya. Jabu ne, ba a gasa ƙarfen ba. Ka goga masa magagari, in ya ci shi da sauƙi ka ajiye musu kayansu. Tsohon na asali da aka ciro daga mataccen inji ya fi shi sau goma, ko da ₦15,000 ne.

Na Kamba: ₦15,000 tsohon ƙarhe? Kun gani ko!

Ɗan Kabu-kabu: Ai jabun shaf da sauƙi. Baƙin mai fa? Galan a rufe, hatimi lafiya, ka zuba kwana huɗu ya koma ruwa. Wani mai shago ya sayar min, na mayar masa, ya ce shi ma haka aka kawo masa.

Mai Albasa Aliero: Wallahi ina zargin har da shi a nokin ɗina. Kwana biyar kahin tahiyar na juye mai.

Ɗan Yauri: Au, ashe ba mai walda ba ne? Alhaji, sai ka koma ka ba yaron nan haƙuri.

Malamin Gona: Jama'a, Litinin fa jibi ce. Oga na Jega, notin lamba nawa zan saya?

Ɗan Kabu-kabu: Alhaji, wane iri ka zuba? Mai jan galan ko mai ruwan ɗorawa?