NOTIFY yana isa amma ns3 ta ƙi ɗaukar canji

Sanusi_DNS:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sabobin DNS (masu fassara sunan yanar gizo zuwa adireshin IP) uku nake kula da su, duka da manhajar BIND suke aiki: ns1 ce babba, ns2 da ns3 daga gare ta suke kwafa. Na canza adireshin IP na wani suna a ns1, na ƙara lambar siriyal (lambar da ke nuna wane kwafi ne sabo), na yi rndc reload don ta sake loda bayanan. ns2 ta ɗauka nan take, ns3 kuwa har yanzu tsohon adireshi take bayarwa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a bayananta na ga NOTIFY, saƙon da ns1 ke turawa cewa an yi canji, ya iso. Me ke hana ta?

Hajara:
Wa alaikumus salam Malam. Fara da dig SOA a kan kowace saba (dig manhajar tambayar saba ce, SOA kuma rikodin da ke ɗauke da siriyal), ka kwatanta siriyal ɗinsu. In ta ns3 ta fi ta ns1 girma, gani take ita ce ke da sabon kwafi, ko NOTIFY ɗari za ka tura ba za ta motsa ba. Yakan faru in wani ya taɓa juya wata da rana, ya rubuta 2025140301 maimakon 2025031401. A ns3 ka yi rndc retransfer da sunan zon ɗin (zon shi ne tarin bayanan sunayen da sabar ke riƙe da su), zai tilasta mata kwafowa.

Injiniya_Bala:
Ni na fi zargin katangar tsaro (firewall). NOTIFY sallama ce kawai a bakin ƙofa, ta UDP yake bi. Ɗauko zon ɗin kansa, wato AXFR, sai ta TCP a ƙofa 53, kuma mutane da yawa UDP kaɗai suke buɗewa. Daga cikin ns3 ka nemi AXFR a wurin ns1 da dig. In ta ƙi ka nan take, duba allow-transfer, jerin waɗanda aka yarda su kwafi zon. In shiru ka ji har lokaci ya ƙare, katanga ce. Kana amfani da TSIG, makullin sirrin da sabobi ke tantance juna da shi? To duba agogo ma, bambancin da ya wuce daƙiƙa 300 yana jawo kuskuren BADTIME.

Kada ka bar ns3 haka. Da lokacin expire na SOA, wato wa'adin amfani da tsohon kwafi, ya cika, ns3 za ta daina amsa zon ɗin gaba ɗaya, sai amsar kuskure ta SERVFAIL.

Sanusi_DNS:
Injiniya, Allah ya saka da alheri. Shiru dig ya yi. Katangar ns1 ba ta barin ns3 ta shiga ta TCP 53. Da aka buɗe, siriyal ta daidaita. Saura ɗaya: duk sabon zon sai na shiga named.conf, fayil ɗin saitin BIND, na ns2 da ns3 na rubuta da hannu. Ba wata dabara?

Hajara:
Akwai. AXFR abin da ke cikin zon yake ɗaukowa, ba ya sanar da saba cewa an ƙirƙiri sabo. Nemi catalog zones: zon guda ne da ke ɗauke da jerin sauran, ƙananan sabobin su kwafe shi su ƙara wa kansu. BIND na da shi tun 9.11, an kuma daidaita tsarin a takardar ƙa'ida ta RFC 9432 a 2023. Ka sa masa TSIG, domin duk wanda ya iya taɓa shi zai iya goge maka zon daga ns2 da ns3.