Ordonas mai magani biyar don zazzaɓi kawai?

Ɗan Birni: Salam jama'a, na kai tsohuwata kilinik jiya, masassara ce, likita ya rubuto magani har biyar, a farmasi aka ce jaka tara, wai haka ake yi ko dai ni aka gani?

Maman Yara: Sannu ɗan uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ka ce su ba ka jenerik, sinadarin ɗaya ne kuɗin ne ya bambanta, farasitamol dai farasitamol ne ko wane kwali aka sa shi.

Ɗan Zongo: In gwaji ya nuna palu, wato zazzaɓin cizon sauro, Coartem (maganin palu) da farasitamol ne kan gaba, bitamin da siro galibi ƙari ne amma kar ka cire komai da kanka, koma ka tambayi likitan. Amoksisilin ma, in yana cikin ordonas ɗin, antibiyotik ne, ba ya kashe palu.

Ɗan Birni: To madalla, gobe zan koma.