Gasar Duniya: Ina Rabon Talaka?

Malam na Kongo:
Salamu alaikum. Ga tambaya a waƙe, amsa-amonmu "ka". Mai amsawa ya zo da shekara da adadi.

Da sunan Allah na ɗau alƙalami,
Zazzagawa masu hankali da ilimi,
In ƙasa ta kira gasa da gangami,
Me ke shiga aljihun talaka?

A 1999 mun ga ta ƙwallon ƙafa ta matasa,
Kaduna da Kano da Bauchi an yi wasa,
A 2009 aka sake kawo gasa,
Ta 'yan ƙasa da shekara 17, ba shakka.

A 2003 aka yi COJA, wasannin Afirka, a Abuja,
Fili na mutum 60,000 mai daraja,
Kimanin dala miliyan 360 ya ja,
To, ribar nan a gidan wa ta sauka?

Birkilan Samaru:
Malam, Allah ya gafarta, ga tawa.

Gini dai ba ya tashi da kansa,
Akwai mai kwaɓa siminti da mai ɗaukarsa,
Mai lanƙwasa rodi, kafinta da zartonsa,
Mai tuwo a bakin aiki ita ma ta girka.

Mai tifa ya kai yashi, mai tanka ruwa,
Mai walda ya haɗa ƙarfen inuwa,
Shekara 2 ko 3 ana ƙaruwa,
Lebura ya koyi hannu, ya kama harka.

A 2024 Kofin Afirka Kwaddibuwa ta shirya,
Filaye 6 a birane 5, ba ƙarya,
Daga Yamusukuro har Buwake an ja hanya,
Direban doya ma kwaltar yake taka.

Akanta ta Sabon Gari:
Yaya, sannu da ƙoƙari, amma ka tsaya a rabin littafi.

Aikin gini yana da ranar ƙarewa,
Ran yanke ƙyalle lebura sai watsewa,
Bashin kuwa yana nan yana ƙaruwa,
Kuɗin ruwansa jikoki ne za su ɗauka.

Montreal ta Kanada, Olamfik na 1976 ta yi,
Sai 2006 ta sauke wannan nauyi,
Shekara 30 ana biyan kuɗin yayi,
Har kan taba sigari haraji aka saka.

Fili kuma ba a gama shi a huta,
Fitilu na shan dizal in an ɗauke wuta,
Kujerar roba rana ce ke fasa ta,
Rufi ya fara yoyo, bene ya koma laka.

Ciyawa na son ban-ruwa da aski da taki,
Ƙarƙashinta bututu da tsakuwa ke aiki,
Famfo ya tsaya a bazara 'yan kwanaki,
Ta ƙone ƙurmus, sai sabuwar shuka.

Ciyawar filin Abuja sai da ta lalace,
Ɗangote ya biya gyaranta, a taƙaice,
Na Brasilia kuwa, wa zai ce ya dace,
Harabarsa ta zam inda bas-bas ke faka?

Gwaggon Tudun Wada:
'Ya'yana, ku matsa in sa baki.

Kuna ta lissafin siminti da bashi,
Mai talla fa, wa ya tuna da shi?
A kewayen fili doka kan ce ya tashi,
Masu ɗaukar nauyin gasa ke cin kasuwar duka.

A Kofin Duniya na Brazil, 2014, ga yadda aka yi tsari,
Har kilomita 2 daga fili, cikin gari,
Mai tire da mai baro an ce su bari,
Ba izini ba ciniki, dokar ta ce haka.

Amma matan Salvador masu suyar ƙosai,
Na wake a manja, ɗan'uwan namu sosai,
Suka tara sa hannu, suka haɗa kai,
Aka bar kaɗan cikinsu su soya, to barka.

Unguwar Vila Autódromo a Rio, asalinta zangon masunta,
Don Olamfik na 2016 aka rushe yawancinta,
Gida 20 kacal aka gina a gurbinta,
Iyalai ɗaruruwa sun tashi, wasu da kuka.

Birkilan Samaru:

Gwaggo, Allah ya ja kwana, ga tawa shaida,
Los Angeles a 1984 ta ɗauko filin da,
Wanda ta yi Olamfik na 1932, shi guda,
Riba ta haura dala miliyan 200 a Amurka.

Landan a 2012 ta gina masaukin 'yan wasa,
Gida 2,818 ya zama bayan gasa,
1,379 an ware su a farashi ƙasa-ƙasa,
Wannan kam ba a ce masa rashin albarka.

Akanta ta Sabon Gari:

Yaya, na Landan tun kafin wasa aka rubuta,
Unguwar Games Village fa, wa ya gaje ta?
Bayan COJA mai hali ne ya saye ta,
Talaka sai gadi da wanki da daka.

Los Angeles ita kaɗai ta rage a nema,
Shi ya ba ta bakin ciniki da dama,
Ta ƙi a ɗora wa birni asara kuma,
Mai roƙon a ba shi gasa ba ya iya haka.

Malam na Kongo:
Madalla. To ga sharuɗɗan da na tsinta a bakinku.

In Kaduna za ta sake karɓar baƙi,
Sabon fili dai a taru a ƙi,
A gyara na Ahmadu Bello, a rubuta haƙƙi
Na mai talla: rumfa, lamba, da wurin girka.

A ware kuɗin kula da fili tun farko,
A buga kwangila a jarida, a sa kaya mai ƙarko,
A biya lebura haƙƙinsa duk ƙarshen mako,
Masaukin 'yan wasa ɗalibai su shiga ɗaka.

Gwaggon Tudun Wada:

Malam, ka bar ɗaya, sai ka sake duba,
Kaduna ce za ta ga wasa da riba,
Mu wajen kilomita 80 muke can gaba,
Kuɗin mota da tikiti daga aljihunka.

Asusun jiha guda ne, kowa ya sani,
Abin da fili ya ci ba ya zuwa ga wani,
A Tudun Wada da Gyallesu, in an shiga rani,
A fara lissafa mana kuɗin jarka.