Mota mai cin itace: za ta iya maye gurbin fetur?

Makaniki: Jama'a, ana ta cewa mota za ta yi tafiya da itace, kuma ƙarfinta ba zai ragu ba. Tafiyar na yarda, ƙarfin ne ban yarda ba.

Injiniya: Tafiyar kam ba ta da ja. A Yaƙin Duniya na Biyu, da fetur ya yi wuya, motoci kusan miliyan ɗaya ne suka koma itace da gawayi. Jamus kaɗai kusan 500,000, Suwidin fiye da 70,000. Da yawansu tsarin Georges Imbert ne, Bafaranshen da ya ƙera shi a shekarun 1920. Guntayen itace ake zubawa a ganga mai murfi a kunna musu wuta, iska kaɗan ta shiga ta ƙananan bututu, zafi ya haura digiri 1000 a maƙogwaron gangar, wato wurin da ta tsuke daga ƙasa. Hayaƙin ya ratsa jan gawayin da ke ƙasa, ya fito gas mai kamawa: kabon monoksaid kusan kashi 20 cikin 100, haidurojin ɗan ƙasa da haka. Wannan gas ɗin injin ke sha.

Makaniki: To Injiniya, ƙarasa lissafin mana. Kusan rabin gas ɗin naitirojin ne, ba ya kamawa, wuri kawai yake cinyewa a silinda. Kuma ana gauraya shi da iska kusan ɗaya bisa ɗaya. Shi ya sa ƙarfi ke faɗuwa da kashi 30 zuwa 50. Ko ka tura tayim, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, gaba, a hawa sai ka koma giya ta ƙasa.

Injiniya: Na karɓi wannan. Amma gas ɗin ba ya saurin ƙwanƙwasa inji, don haka ana iya ƙara matsin silinda a dawo da wani abu.

Mai Walda: Ku bar batun ƙarfi, kwaltar da ke fitowa daga hayaƙin itacen ce ke kashe injin. In danshin itace ya wuce kashi 20, ko maƙogwaro ya yi wa injin faɗi, zafi ba ya kaiwa, kwalta ta wuce ba ta ƙone ba. Da zafi ba za ka gane ba. Sai inji ya kwana ya huce, ta daskare a bawul, da safe ka murza makulli sandar bawul ta lanƙwashe. Dole gas ya bi ta mazurarin da ke juya shi ya zubar da toka, sannan bututun sanyaya, sannan matata. Kafin a juya shi zuwa inji, a hura da fanka minti 10 zuwa 20, a kunna shi a bakin bututu. Harshe shuɗi ko mai haske, ya yi. Ja mai hayaƙi, da saura.

Malamar Gandun Daji: Yallaɓai, itacen fa? Lita ɗaya ta fetur na cin kilo 2.5 zuwa 3 na busasshen itace. Babbar motar da ke shan lita 30 a kilomita 100 tana buƙatar kilo 75 zuwa 90. Suwidin da Finlan ƙasashen daji ne. A Sahel, inda girki ma ke ƙarar da itatuwa, ina za a samo?

Mai Walda: Malama, gawayi fa? Kusan ba shi da kwalta, gangarsa ma ta fi sauƙin ƙira.

Malamar Gandun Daji: Ya fi ɓarna. Wajen ƙona itace ya zama gawayi, fiye da rabin ƙarfinsa ke tafiya a hayaƙi.

Injiniya: Shi ya sa na fi ganin amfaninsa a injin da ke zaune wuri guda, kamar janareta ko famfon ban ruwa, da totuwar masara. Injin dizal ma yana karɓa, sai dai a bar masa dizal kashi 10 zuwa 20 don ya tayar da wuta. Buntun shinkafa kuwa tokarsa kusan kashi 20 ce, yana toshe ganga irin ta Imbert, sai an yi masa tasa ƙirar.

Makaniki: Ko a zaune ɗin, kada a kuskura a kunna shi cikin gareji ko ɗaki. Kabon monoksaid ba shi da wari ba shi da launi, ya kashe direbobi a Suwidin lokacin yaƙin. In za a buɗe murfi a ƙara itace, a kawar da fuska, gas ɗin kan yi tartsatsin wuta da zarar iska ta shiga.