Wane suna za mu raɗa wa "virtual school"?

1/ Jama'a, a taimaka min da kalma. Shugaban makarantar da nake koyarwa a nan Gombe ya ce in rubuta wa iyaye takarda da Hausa, saboda a hutun nan za a ci gaba da yi wa 'yan ajin ƙarshe darasi ta waya kafin jarrabawar WAEC. Na yi sallama, na rubuta "muna sanar da ku cewa za mu buɗe", sai biro ya cije. Abin da ake kira "virtual school", mu me za mu ce masa?

2/ Kafin raɗin suna bari a ga jaririn. Yaro na da suna a rajista, yana da aji da malamai da jadawali, ana ba shi aikin gida, ana yi masa jarrabawa. Gini ne kawai babu. Ana ba shi sunan shiga da lambar sirri, ya shiga ta waya ko kwamfuta, manhajar kuma tana rubuta sa'ar da ya shiga da sa'ar da ya fita, kiran suna ke nan. A Amurka akwai wadda jihar Florida ta buɗe tun 1997. Mu nan yawancinmu sai da korona ta rufe makarantu a watan Maris na 2020 muka san ana yi. A 2022 kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, inda yaro zai buɗe darussa kyauta.

3/ Kuma karatun iri biyu ne, ku riƙe wannan don zan dawo kansa. Akwai wanda malam ke magana a lokacin, ta Zoom ko makamancinsa, kana ganinsa yana ganinka, in kana da tambaya ka danna alamar ɗaga hannu. Akwai wanda aka naɗa aka ajiye, ka buɗe lokacin da ka samu sarari.

Ɗiyar yayata a unguwar Pantami duka biyun take yi. Takan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta jingina wayar uwarta da filas ɗin shayi, littafi a cinya. Rannan ana cikin lissafi sabis ya ɗauke, fuskar malam ta daskare baki buɗe, ƙannenta suka taru suna kwaikwayonsa. Kafin ya dawo an wuce misali biyu. Da dare, lokacin garaɓasar data, ta buɗe wanda aka naɗa, ta maimaita wurin sau uku. Uwar ce ke tsaye a kanta, don in ba ta tsaya ba darasin yakan rikiɗe ya koma kallon TikTok.

4/ To ga abin da aka kawo min tun jiya.

Wani ɗan'uwa daga Kumo ya ce "makarantar gaibu". Malam, na gode, amma gaibu sai Allah. Kuma malamin nan ana ganinsa, har gemunsa.

5/ Wata malama ta ce "makarantar iska", kuma da hujjarta: a Ostireliya akwai makaranta mai irin wannan suna, wadda aka fara a garin Alice Springs a 1951, a lokacin ana koyar da yaran makiyaya na can cikin daji ta rediyon da ake magana a mayar da amsa. Gaskiya ne, Malama. Sai dai ki faɗa min, ɗaliban makarantar iska 'yan me za a kira su? Ni dai ba zan sa hannu a wannan takarda ba.

6/ "Makarantar allo" ma an kawo, wai tunda allon waya yaro ke kallo. Na yi dariya har da tafi. Sunan yana da mai shi tun kaka da kakanni, a bar wa alaramma kayansa.

7/ "Karatu daga gida" ya fi waɗannan nauyi, shi ya sa na daɗe a kansa. Kunne ya saba da shi, haka 'yan jarida ke kiran jami'ar NOUN, wato buɗaɗɗiyar jami'ar ƙasa. Amma matsalarsa biyu. Ta farko, uba zai ɗauka shi aka ɗora wa koyarwar, alhali malamin makaranta ne ke koyarwa, na gida sa ido ne nasa. Ta biyu, ba dole a gida ake yi ba. Ina da ɗalibin da a shagon babansa cikin babbar kasuwa yake shiga aji, don can ne ake da sola.

"Karatu daga nesa" kuwa uwa ce, ba 'ya ba. A ƙarƙashinta akwai darussan rediyo da aka yi ta sa wa yara lokacin kulle, akwai karatun malamai na NTI, cibiyar horar da malamai da ke Kaduna, da littattafansa. A bar ta a matsayinta na uwa.

8/ "Makarantar yanar gizo" daidai take, tsawo ne ya yi mata yawa. Bakin Bahaushe ba ya haƙuri da dogon suna, sati guda zai gutsure shi ya koma "makarantar gizo". To wa zai biya kuɗin makaranta a hannun mijin Ƙoƙi?

9/ Ni na tsaya a kan "makarantar intanet". Na karanta wa mahaifiyata, wadda ba ta yi boko ba, ta ce, "Wannan da yara ke yi a waya?" Shi ke nan, ta gane. Wani dattijo ya rubuto cewa intanet ba Hausa ba ce. Allah gafarta Malam, allo da darasi daga Larabci muka aro su, fensir da tebur daga Turanci, duk sun zauna sun zama 'yan gida. Kuskurenmu tun farko shi ne kokawa da kalmar "virtual" ita kaɗai, shi ya kai mu gaibu da iska.

10/ Sai iri biyun nan. Na farko ba gardama: "darasin kai-tsaye", yadda ake cewa a rediyo. Na biyu ne na rasa, na rubuta "naɗaɗɗen darasi", harshe na harɗewa. Ɗiyar yayata ta leƙo takardar ta ce, "Kawu, ai mu ɗumame muke cewa." Wai in ɗayansu bai samu shiga da safe ba, sai ya ce zai ci ɗumame da dare. An dafa tun ɗazu, an rufe, ka zo ka ɗumama abinka, kuma kowa ya san wani ɗumamen ya fi sabon tuwo shiga.

Na kai wa shugaba. Ya yi dariya, ya ja layi a kai da jan biro, ya rubuta "ajiyayyen darasi", ya ce takardar iyaye ce ba hirar dandali ba. Haka ta fita. A aji kuwa ɗumame nake cewa.

11/ Saura guda. Madannin nan da malam ke taɓawa ya kashe muryar yaro in zakaran gidansu ya dami aji, me za mu kira shi? An ce "toshe baki", an ce "takunkumi". Mutanen Bauchi, ban ji daga gare ku ba tukuna.